Yaya Safiya da Masu Ƙidayar Wata

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da aka rufe Yaya Safiya a Paraku, kuma har yanzu ban huce ba. Na faɗi haka tun da fari domin wanda ya saba ganin irin wannan shafi cike da yabon mamaci ya san inda ya shigo. Addu'a ina yi mata kullum, ba sai na buga a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayata ta rayu ta mutu tana jiran magana guda daga bakin mai wani gida a Jugu, cewa ɗan da ta haifa ɗan mijinta ne, kuma su ne suka zalunce ta. Ba a faɗa ba har ta bar duniya.

Sunana Hauwa, ni ce ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu jikokin fataken goro ne, waɗanda suka sauke kaya a Jugu ba su ƙara ɗauka ba. Ita an kai ta gidan Salifu, mai fataucin goro, mutum mai sanyin hali. Ni kuwa ciwo ya kwantar da ni ina yarinya a asibitin mishan, matan cocin nan da muke kira maser suka yi ta roƙon babanmu har ya bar ni na shiga lakwal, wato makarantar boko. Na fito unguwarzoma, aka ba ni aiki a Paraku. Mutanen unguwarmu ba su ji daɗin wannan ba, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Mumuni, yayan Salifu, wanda gidansu ke hannunsa. Cewa yake ilmin Nasara najasa ne. Babu macen gidansa da ya taɓa bari ta je awon ciki, in kuwa na je gaishe da Yaya, sai ya sa a wanke kofin da na sha ruwa da shi, wai ina taɓa magungunan kafirai.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙasarmu tana amsa sunan Dahome, kamyon, wato motar kayan da Salifu ya hau da huhunan goro, ya kife a bayan Bariyenu. Aka kawo gawarsa gida. Ya bar Yaya da 'ya'ya biyu, duka mata. Ta yi takabarta a gidan, bayan ta fita takaba kuma ta ci gaba da zama saboda yaran. Tun tana cikin takaba ta gaya wa surukarta cewa tana jin jikinta ba daidai ba, amma ciki bai nuna ba sai can da nisa. Tsofaffin gidan suka duba ta suka ce kwantacce ne.

Yaran yanzu ba su san wannan kalma ba, bari in yi musu bayani. A wurin iyayenmu sananne ne cewa ciki yana iya kwanciya a jikin mace, musamman in ta gamu da firgita ko baƙin ciki, ya daɗe bai motsa ba, daga baya ya tashi ya ci gaba da girma. Ba hirar tsofaffi kawai ba ce. Malaman mazhabar da muke bi sun rubuta ta, sun ce macen da mijinta ya mutu ko ya sake ta, in ta haihu bayan lokaci mai tsawo ba ta yi wani aure ba, ɗan na mijin ne. Kowa a Jugu ya san gidan da aka taɓa yin haka. Shi ya sa babu wanda ya ɗaga gira. Mumuni da kansa ya sa aka tara itacen wankan jego a bayan ɗakinta, yana cewa Allah ya bar wa ɗan'uwansa baya.

Shekara ta zagayo da ɗan kai bayan rasuwar Salifu, Yaya ta sauka. Namiji ne.

Wanda ya san rabon gado ya riga ya gane sauran labarin. In mamaci ya bar 'ya'ya mata kaɗai, 'yan'uwansa maza suna da rabo a abin da ya rage. In akwai ɗa namiji ko guda, ya tare musu hanya. Salifu yana da rabin gidan, yana da rumfar goro a kasuwa. Ina rantsuwa da Wanda raina ke hannunsa, da mace Yaya ta haifa, da an yanka rago an ci suna an watse. Kukan jariri namiji ne ya koya wa Mumuni ƙidayar wata.

Aka aiko mini Paraku in zo maza. Na ɗauka haihuwar ce ta zo da matsala, na kwaso kayan aikina. Ina isa aka ce a zaure ake nemana. Na tarar da maza cike, Mumuni a tsakiya, a gefe kuma Malam Zakari, tsohon limamin unguwa, wanda ya raɗa wa rabin mutanen da ke wurin suna. Na durƙusa na gaishe su.

Mumuni ya ce, "Hauwa, ke kika yi lakwal wajen Nasara. Mun tambayi ma'aikacin asibiti ya gaya mana, amma muna so jama'a su ji daga bakin 'yar'uwarta. A ilmin lokotoro, na can asibitinku, wata nawa ciki ke yi?"

Na ce, "Maigida, yau ilmin Nasara ya yi tsarki ke nan?"

Ya ce, "Ba wasa muka kira ki ba."

Na ce, "To ni ma ina da tambaya. Tun ranar da aka shigo da gawar Salifu, Yaya ta taɓa taka ƙofar gidan nan? Ku kuka ce ba ta fita ko rijiya. In kun ce akwai namiji, ta wace ƙofa ya shigo, kuma wa ke zaune a bakin ƙofar?"

Zaure ya kaure. Wani ya ce ga irin abin da lakwal ke haifarwa, wani ya ce a fitar da marar kunya. Babu wanda ya amsa tambayar, ranar ko bayanta. Kafin a kore ni na ji Malam Zakari yana magana da muryarsa mai rawa. Ya ce a shari'a yaron nan ɗan Salifu ne, babu mai cire shi. Ya ce wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu da suka gani da idonsu ba, shi ne mai laifi, shi ake yi wa bulala, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Ya ce su ji tsoron Allah. Mumuni ya yi murmushi ya ce Malam ya tsufa, a raka shi gida ya huta.

Alƙalan gwamnati dokar Faransa suke bi, ba ruwansu da irin wannan magana, saboda haka Mumuni ya zama mai ƙara, ya zama shaida, ya zama alƙali. Ranar Juma'a, bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallaci ya shelanta cewa jaririn da ke gidansu ba jininsu ba ne, ba za a yanka masa rago ba, ba za a raɗa masa suna a can ba. Ya ƙara da cewa da a ƙasar da ake zartar da shari'a muke, jifa ne hukuncinta, don haka ta gode wa Allah da sassaucin da aka yi mata. Kafin kwanan suna aka fitar da ita, ɗanyen jiki, jini bai tsaya ba. Aka riƙe 'ya'yanta mata, wai kada ta ɓata su. Iyayenmu sun riga sun rasu, babu gidan da ya buɗe mata ƙofa a unguwar da aka haife ta. A duk zaman da aka yi, babu wanda ya kira ta ya ji ta bakinta. Na goya jaririn, na riƙe hannunta, muka hau mota zuwa Paraku.

Na san abin da mai karatu ke son tambayata. Ke unguwarzoma, me kika ce? Na san abin da aka koya mini, na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba, ba zan yi wa kowa ƙarya a kan jikin mace ba. Amma ban taɓa tambayar Yaya ba, ko sau ɗaya, duk da mun yi shekaru muna cin tuwo a kwano guda. Malaman da suka rubuta hukuncin kwantacce ba wawaye ba ne. Suna da mata, suna da 'ya'ya, sun iya ƙirga wata tara. Da gangan suka bar wannan ƙofa a buɗe, domin tsoron da suke yi na tozarta marar laifi ya fi tsoron da suke yi na mai laifi ya kuɓuce musu. Sun san akwai Mai hisabi da ba a ɓoye masa komai, sai suka bar masa abin da ido bai gani ba. Mumuni, wanda bai sauke ko ƙaramin littafin fiƙihu ba, ya ga sun yi sakaci, ya rufe ƙofar da ilmin da ya yi shekaru yana zagi.

A gidanmu na unguwar Lajifarani, a Paraku, aka yi suna. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya yanka rago, aka sa wa yaro Idrisu, muna kiransa Idi. Wadda ta yi ta ɗebo ruwan wankan jego maƙwabciyarmu ce, Madam Sesil, Kirista daga kudu, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Mutuniyar kirki ce, sai dai akwai baki. Kullum tana gaya mini cewa a addininsu ba za a yi haka ba, su an koya musu mutum ya duba zunubinsa kafin ya ɗaga hannu a kan wani. Na haɗiye, don ba ni da bakin magana. Ba a yi shekaru da yawa ba 'yar ƙanwarta ta yi ciki ba aure. Dattawan cocinsu suka hana yarinyar cin jibi, wato tsattsarkan gurasar da ake rabawa a coci, suka mayar da ita bencin baya, suka daɗe suna jan ƙafa kafin su yi wa jaririn baftisma. Wanda ya yi cikin kuwa yana gaba kowace Lahadi yana jan waƙa. Ranar Madam Sesil ta zo ta zauna kusa da Yaya ta yi kuka, Yaya ta zuba mata abinci.

Tun ina lakwal na ji wata maser tana karanta mana cewa a shari'ar Yahudawa ba a hukunta mutum da bakin shaida guda, kuma wanda ya yi shaidar zur ana ɗora masa hukuncin da ya so a ɗora wa ɗan'uwansa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Addinan nan uku, kowanne ya fi tsananta wa mai ƙara da shaida da alƙali fiye da yadda mabiyansa ke so su tuna. Sharuɗɗan suna da yawa, suna da nauyi, an yi su ne don hannu ya yi sanyi kafin ya kai ga bulala. Amma ka tara mu, Musulmi da Kirista, ka tambaye mu hukuncin mazinaciya, kowa zai amsa kafin ka rufe baki. Ka tambayi hukuncin mai ƙazafi, sai a fara kallon juna.

Yaya ta kama sana'ar sayar da wasa-wasa, wato dambun garin doya, a kusa da tashar jirgin ƙasa, da ita ta raini Idi har ya zama tela. Ba ta ƙara aure ba, masu nema in sun bincika a Jugu ba sa dawowa. Tana da wata ɗabi'a da duk matan tasha suka san ta da ita. In aka kawo gulmar wata a gindin tukunyarta, ba ta faɗa, ba ta wa'azi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Da idonki kika gani?" Mai labari ta fara in'ina, zance ya mutu. Har laƙabi suka yi mata da wannan tambaya.

Ina tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin nan. Mumuni sai da ya jira Juma'a kafin ya tara jama'a, yanzu kowane yaro yana da ƙofar masallaci a aljihunsa. A ɗauki hoton yarinya a waya, kafin la'asar an gama shari'arta daga Paraku har Kwatano, kuma masu turawa suna rubuta a'uzubillahi a ƙasa. Samarin masu wa'azi sun cika lasifika, sun haddace yawan bulala, sun san inda ake yanke hannu, amma ban taɓa jin ɗayansu ya kwashe wa'azi guda a kan wahalar tabbatar da laifi ba. A kasuwa mutum ɗaya ya yi ihun ɓarawo, 'yan babur su yi da'ira, wani ya kawo taya wani ya kawo fetur, in an gama kowa ya je ya yi alwala. Da tana nan, da ta ratsa taron nan da ludayinta a hannu ta yi tambayarta, kuma na san da ita ma sun ture ta.

Idi yana saurayi Mumuni ya samu kujerar Makka. Al'adarmu ce mai tafiya ya bi gida gida yana neman gafara. Wata rana da hantsi sai ga shi a Lajifarani, shi kaɗai, babu ɗan rakiya. Ya ce a ba su wuri, shi da Yaya. Na koma bakin ƙofa, ban yi nisa ba.

Ya ce, "Safiya, tafiya ta kama ni. Abin da ya wuce ya wuce, a yafi juna."

Ta ce, "Juna, Yaya Mumuni? Me na yi maka?"

Ya ce, "To, ki yafe mini."

Ta ce, "Me zan yafe?"

"Kin sani."

"Na sani, kai ma ka sani. Mutanen Jugu ne ba su sani ba. A ƙofar masallaci ka ɗaure ni, ranar Juma'a. Koma can ka kwance. Wallahi kafin ka kai gida na yafe maka, duniya da lahira."

Ya ce, "So kike in tozarta a idon duniya da furfurata?"

Yaya ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba. Ya tashi ya karkaɗe riga ya fita. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, aka shiga kiransa Alhaji. Amma zuwan nan nasa ya cuce ta fiye da rashin zuwa, domin ya sa mata rai. Daga nan duk wanda ya sauka daga motar Jugu ya tsaya sayen abinci, sai ta zagaya ta zagaya ta tambaye shi ko an faɗi wani abu a masallaci ranar Juma'a. Haka ta yi ta tambaya har ciwo ya kwantar da ita.

Ni na wanke ta. Aka fito da ita ƙofar gida don salla, mu mata muna daga cikin zaure muna ji. Mutanen Jugu sun zo mota guda, har da Alhaji Mumuni yana dogara sanda. Liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk wanda baiwar Allah nan ta yi wa laifi ya yafe mata. Jama'a suka amsa ƙasa-ƙasa. Sai muryar Alhaji ta fito sama da ta kowa: "Mu na gidan Salifu mun yafe mata abin da ta yi mana."

Sai na ji Idi, yaron da bai taɓa ɗaga wa babba murya ba, ya ce, "Alhaji, me ta yi muku? Ga ta nan kwance, ga jama'a. Faɗi abin da ka gani."

Mutane suka taso wa Idi, ana cewa ba a yin haka a kan gawa, ya yi haƙuri, ya ba dattijo girmansa. Har aka sa shi ya ce a gafarce shi kafin a ɗauki makara. Ranar da aka binne uwarsa, shi ne ya nemi gafara.

Bayan 'yan shekaru Alhaji ma ya rasu, an ce jana'izarsa ta cika maƙil. Masu ba ni haƙuri suna cewa duka biyun suna gaban Allah, in bar zancen. Na yarda suna gaban Allah, kuma ba na shakkar yadda zaman zai kasance. Da hukuncin Mumuni ya bi shi kabari, da na yi shiru. Bai bi shi ba.

Idi yana da 'ya, sunan uwarsa ya sa mata, ta gama karatun malanta. Bana wani yaro ya nemi aurenta, aka kawo goron gaisuwa, aka fara maganar rana. Iyayen yaron suka aika Jugu bincike, kamar yadda ake yi. Jikokin mutanen da suka tsaya a ƙofar masallaci ranar nan suka ce ai ubanta ba a san ubansa ba. Aka aiko cewa a yi haƙuri, za a zo a karɓi goro. Kowane addini da na sani ya ce ba a ɗora wa ɗa laifin uwa, balle jika, balle laifin da babu wanda ya tabbatar.

Yarinyar ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado ta ce, "Kaka, gaskiya ne?"

Na ce mata a shari'a ubanta ɗan Salifu ne, babu wanda ya isa ya ce a'a.

Ta ce, "Ba shari'a na tambaye ki ba, Kaka."

Ban taɓa tsanar Mumuni kamar wannan lokacin ba, domin tambayarsa ce ta fito daga bakin jikata. Na ce mata kakarta ba ta taɓa amsa wannan tambaya ba, ni ma ban taɓa yi mata ita ba, saboda nauyin kawo hujja yana kan wanda ya yi zargi, kuma sun yi shekara da shekaru ba su kawo ba. Na ce wannan kaɗai Yaya ta bari, ba gida ba rumfa: ba ta roƙi waɗanda suka zalunce ta ba, ba ta kare kanta a gaban waɗanda ba su isa su tuhume ta ba, kuma ba ta sayar da yafiyarta a ɓoye ba. Ban san ko yarinyar ta gamsu ba.

Washegari dattawan gidan yaron suka zo, suka zauna a zaure suna ta kame-kame, wannan ya ce ƙaddara, wancan ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Idi ya miƙe zai shiga ya ɗauko goron, sai ga ta ta fito da ƙwaryar a hannu. Ta ajiye a gabansu, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta durƙusa ba.